Titin Zinariya na Mainasara

A Umbadda, wata unguwa a birnin Umdurman, babu wanda bai san Mainasara ba, kuma ba don wani aiki da ya taɓa gamawa ba. Bakinsa ne ya sanar da shi. Dillalin tsofaffin kujeru ne a kasuwa, amma idan ka zauna da shi a wurin Fatna mai shayi sai ka rantse da shi aka yi shawarar inda za a kafa gadojin kogin Nilu. A Jazira ya tashi, a kambo, unguwar leburorin gonar auduga. Ya shigo birni da tabarma ɗaya da surutu. Tabarmar ta daɗe da mutuwa, surutun kuwa sai ƙaruwa yake yi.

A shekarar da wayoyin shafawa suka cika gari, Mainasara ya sayi tasa, ya kai wa Husam mai gyaran waya ya saka masa taswira. Lokacin ƙasar na cikin takunkumi, rabin abubuwan waya ba sa buɗewa, amma wannan taswirar tana aiki ko babu intanet, kuma tana da wani lungu inda mutum zai sauya launin layuka da kaurinsu yadda ya ga dama. Husam ya fara yi masa bayani cewa jan layi mai kauri babban titi ne, rawaya mai bi masa, farin siriri layin unguwa, mai ɗigo-ɗigo hanyar ƙasa, shuɗi kuwa ruwa ne. Bai kai ƙarshe ba Mainasara ya ɗaga masa hannu.

"Ya isa, ya zol, ya kai mutumina. Wanda ya zana wannan bai taɓa tuƙi da damina ba."

Hujjarsa ba ta banza ba ce gaba ɗaya, abin da ya sa ta yi ɓarna ke nan. A Jazira idan ruwa ya sauka, baƙar ƙasar nan tana kama mota ta riƙe har sai ta ga dama. Hanya ɗaya ce ke tsira, wato gaɓar tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki, wadda aka tula wa ƙasa ta yi tudu, miƙaƙƙiya, busasshiya. Duk ɗan kambo ya san cewa inda ruwa ya bi, a gefensa hanyar kirki take. Shi ya sa da Mainasara ya ga an mayar da layukan ruwa 'yan siraran shuɗaye kamar ba a so a gan su, sai ya ji an ci mutuncin ilimi.

A wurin Fatna ya zauna gyaran ƙasa, mutane suka kewaye shi. Jajayen titunan ya fara kamawa. Ya ce nan ne cunkoso yake, nan 'yan sanda suke, nan ake tsayar da mutum a tambaye shi takardun da bai taɓa gani ba. Ya mayar da su sirara masu ruwan toka kamar zaren ɗinki. Masu ɗigo-ɗigo ya ce kashin ƙuda ne, ya share su. Ya ga wani babban fili mai ja-ja da layuka a karkace, ya ce mai taswira ya zubar da zoborodo a nan, ya mayar da shi kore shar, ya raɗa masa suna filin shan iska. Daga nan ya zo kan layukan ruwa. Ya ba su kauri har sau nawa, ya zaɓar musu ruwan zinariya mai ƙyalli, ya ɗaga wayar sama kowa ya gani.

Wani direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya ce to ai waɗannan horori ne, magudanan da ruwan sama da shara ke bi. Mainasara ya ce shi ya sa har yanzu raksha yake tuƙawa. Wani tsoho ya ce launin dai ya yi kyau. Mainasara ya sa aka kawo masa shayi. Fatna, wadda ba ta ɗago daga kan garwashinta ba, ta tambaye shi ina bahar yake a taswirar tasa, wato kogin Nilu. Ya ce zai zo kan bahar daga baya, mutum ba ya gyara ƙasa duka a zama ɗaya.

Kafin shayin ya huce ya gama tsara arziki. Duk direban da ke Umdurman zai zo a saka masa Taswirar Mainasara. Daga nan Hartum, daga nan Bahri. Abin da ya rage kawai a gwada ta a gaban jama'a, kuma Allah ya kawo masa dama har cikin gida.

'Yarsa Tasnim ce za ta yi aure, da Salahuddin ɗan Hajiya Sittana ta Alsahafa, can kudancin Hartum, tsallaken kogi. Bisa al'ada uwar amarya kan aika wa gidan ango karin kumallon ango, manyan tire-tire na abinci da mata ke rakawa da kiɗa da guɗa, kuma da shi ake auna gidan da amarya ta fito. Hajiya Sittana ta taɓa faɗa a taron mata cewa za a ga ko mutanen kambo sun san abin da ake kira karin kumallon ango. Maganar ta dawo kunnen Awadiyya, matar Mainasara, ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta tara matan layi suka yi ta aiki, asida, wato tuwonsu, da miya, kisra mai kama da sinasir, soyayyun kaji, zalabiya, wato ƙosan fulawa mai zaƙi, kowane tire an rufe shi da faifai mai launi. Burinta ɗaya ne, abincin ya isa Alsahafa da tururinsa ranar Juma'a, kafin maza su watse zuwa masallaci.

Ran Alhamis da yamma aka yi ruwa mai yawa. Mainasara ya tsaya a tsakar gida yana kallon sama da murmushi, kamar shi ya yi odarsa.

Motar da za ta kai kayan ta Ilyasu ce, ƙanin Awadiyya, wanda ya zo biki daga Jazira da a-kori-kurarsa, bai san birni ba ko kaɗan. Da safe aka jera tire-tiren a baya, Awadiyya da ƙawarta Kande mai ganga da sauran mata suka zauna a tsakaninsu. Sai ga Mainasara ya fito cikin farar jallabiya da rawani, ya buɗe ƙofar gaba. Awadiyya ta tuna masa cewa maza ba sa raka karin kumallo. Ya ce shi ba rakiya zai yi ba, jagora ne. Ta ce hanyar ba ta buƙatar jagora, a hau kwalta a tsallake gada, shi ke nan. Ya ce bayan ruwan jiya motocin da ke bakin gada sai la'asar, tana so asidarta ta isa da sanyi kamar ƙanƙara? Nan ya taɓa ta inda take tsoro. Ya nuna wa Ilyasu layin zinariya, ya ce gaɓar ruwa ce. Ilyasu ya gyaɗa kai da gamsuwa, don shi ma ɗan kambo ne.

"Abu Tasnim," in ji Awadiyya, "idan faifai ɗaya ya karkace, ni da kai ne."

"Hajja, ki shirya guɗa kawai."

Suka bar kwalta suka bi gefen hor, magudanar da ya mayar layin zinariya. Abin haushi, da farko hanyar ta yi kyau. Babu cunkoso, babu ɗan sanda, sai awaki. Mainasara ya leƙa da kai ta taga yana tambayar matan ko sun ga cunkoson gada. Yana gaishe da mutanen da bai sani ba, yana nuna musu waya. Sai layin ya fara ƙanƙancewa, gidaje suka matso, suka sha kwana sai ga rumfar biki ta toshe hanya daga bango zuwa bango, maza cike a kan kujeru. Ilyasu ya taka birki.

Kande ba ta gani sosai daga nesa. Ta ji mota ta tsaya, ta hango rumfa da fararen jallabiyoyi, sai ta saki guɗa ta kama ganga, sauran mata suka amsa. Ashe mutanen rumfar su ma tun safe suke jiran karin kumallon nasu angon. Samari suka yo kan mota da murna. Kafin Awadiyya ta gama cewa ba nan ba ne, tiren zalabiya ya shige rumfa a kan wani kai, tiren kaji ɗaya ya bi bayansa, an yi bisimilla. Ta kwanta a kan sauran da hannuwa biyu tana rantsuwa cewa ba ta san angonsu ba. Wata tsohuwa ta ce ai haka surukai suke, kunya ce.

Mainasara kuwa an riga an ja shi cikin rumfa a matsayin uban amarya. An ba shi kujera mai hannu da shayi, yana nuna wa maigidan yadda aka zalunci ruwa a taswira. Har ya ci zalabiyar matarsa ya yaba wa mai tuya. Sai guɗa ta tashi daga ɗaya ƙarshen layin, karin kumallon gaskiya ya iso. Mutanen rumfa suka dubi can, suka dubi nan, suka dubi ƙasusuwan kajin da ke gabansu. Maigidan ya ce malesh, wato a yi haƙuri. Abin da ya shiga ciki ba ya komawa tire, sai aka yi wa Tasnim addu'a, aka taya Ilyasu komawa da baya.

Awadiyya ta buga rufin mota ta ce a koma kwalta. Mainasara ya ce rumfa ba laifin taswira ba ce, ba a zana biki. Yanzu ma sun yi nisa, komawa ya fi ci gaba tsawo. Ga shi layin zinariya zai ratsa filin shan iska, wurin da babu gida balle rumfa. Ilyasu ya ce shi dai bai ga gaɓa mai tudu irin ta gida ba. Mainasara ya ce ta birni a kwance take.

Filin shan iska ya zo da katanga doguwa, da waya mai ƙaya, da ƙarfen tare hanya, da sojoji a bayan buhunan yashi. Ilyasu ya fara salati. Wani saje mai gashin baki ya tako a hankali, ya leƙa, ya ga mutum da rawani yana riƙe da taswira a daidai ƙofarsu. A wancan zamanin hoto ma ba a ɗauka kusa da irin wannan katangar. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ba ka izinin shuka ciyawa a barikinmu?"

"Janabu, ranka ya daɗe, launi ne kawai. Jan bai dace ba."

"Wannan hanyar zinariyar da ta ratsa ta tsakiyarmu fa, wa zai bi ta?"

Aka sauko da Mainasara aka zaunar a kan dutse cikin rana. Saje ya ce sai an binciki kayan da ke mota. Sojoji suka ɗaga faifai-faifai, suka binciki kisra, suka binciki kaji da haƙoransu. Awadiyya ta ga idan binciken ya ci gaba babu abin da zai isa Alsahafa sai tire. Ta sauko ta gaishe da saje, ta ce mijinta ba ɗan leƙen asiri ba ne, asirin gidansa ma bai iya riƙewa. Ta roƙe shi ya karɓi tire ɗaya sadakar biki ya sake su. Kande ta raɗa mata da ƙarfi, yadda kowa ya ji, cewa ta bar musu mijin ta riƙe kajin. Awadiyya ta yi shiru na ɗan lokacin da Mainasara bai taɓa mantawa ba, sannan ta miƙa kajin.

Saje ya mayar masa da waya, ya nuna musu hanyar kwalta da ƙafar kaza a hannu. Suna ɓace wa sojojin Mainasara ya dawo hayyacinsa. Ya ce wa Ilyasu bai lura da yadda sajen ya matsa su koma kwalta ba? Akwai abin da ba a so su gani. Ya tsuke taswirar da yatsu biyu don ya hango gaba. Can inda layinsu ya ƙare, ga wani titin zinariya mai faɗin da bai taɓa gani ba, ya miƙe tsakanin Umdurman da Hartum yana ƙyalli, babu kwana, babu mahaɗa. Kullum rediyo na maganar sababbin tituna. To ga shi nan, an gama ba a buɗe ba, kuma taswirarsa ce kaɗai ta tona shi. Daɗi ya cika shi har ya manta da dutsen da ya zauna a kai.

Ya sa Ilyasu ya kewaye katangar ya sake kama hor. Awadiyya ta yi ta dukan rufi, shi kuwa ya ce wa Ilyasu kiɗa ne. Hanyar ta fara gangara. Gidaje suka ƙare, ƙarnin kifi ya shigo ta taga. Ilyasu ya ce ƙasar ta yi laushi. Mainasara ya ce sabon titi ne, bai gama bushewa ba. Motar ta yi gurnani, ta yi rawa, ƙafafunta huɗu suka nutse cikin taɓo ta zauna daram.

Mainasara bai ɗago kai ba. Ya sauka da waya a gaban hancinsa, ya ce a biyo shi, bakin titin na nan gaba kaɗan. Ɗigon da ke nuna inda yake yana matsawa kusa da zinariyar, shi kuma yana ƙara sauri. Ya ji takalminsa ya jiƙe, ya ce ruwan jiya ne. Ya ji sanyi a ƙwauri. Sai da ɗigon ya hau tsakiyar ƙyallin, ruwa ya kai masa gwiwa, jallabiya ta taso tana yawo a kewayensa, sannan ya sauke wayar. Farin Nilu ne a gabansa, cike da ruwan damina, faɗinsa kamar ba shi da ƙarshe. Da ya sauya launin ruwa, duk ruwan ƙasar ya sauya, har da bahar ɗin da ya ce wa Fatna zai zo kansa daga baya.

A bakin gaɓa akwai masunta, da masu yin bulo, da masu wanki, duk sun bar aikinsu suna kallon mai rawani da ya shiga kogi da ƙafarsa yana karatun waya. Wani ya tambayi Ilyasu ko baƙon yana da lafiya. Ilyasu, wanda haushi ya cika, ya ba su labarin tun daga jan layi har titin gwamnati. Dariyar da aka yi ta kori tsuntsaye daga kan jiragen ruwa. Wani masunci ya ce wa Mainasara ya hau gefe kada mota ta buge shi.

Awadiyya ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu a kan faifan asida, ta ji ɗumin ya fara raguwa, idonta ya cika da hawaye. A zuciyarta ta ga fuskar Hajiya Sittana, ta ji abin da za a faɗa a kan 'yarta a gidan da za ta zauna. Rana ta yi sama, an kusa fara shirin masallaci. Ta share ido da gefen mayafi ta dubi tsallake, sai ta ga ai Hartum ce can, gidajenta na kallonta.

Ta sauko cikin taɓo ta nufi wani mai kwalekwale mai inji da ake kira Ashafa. Suka yi magana a takaice. Ta karɓi wayar Ilyasu ta kira Salahuddin, ta ce ya zo bakin kogi da mota. Masuntan da suka gama dariya suka yi layi suna miƙa tire hannu zuwa hannu, mata suka tattare zannuwa suka shiga, Kande ta rungume gangarta.

Mainasara ya fito daga ruwa yana matse jallabiya, ya ga abin da ake yi, sai fuskarsa ta washe. Ya ce wa masunta su shaida, tun safe yake cewa hanya ce, ga shi kuwa za a bi ta. Kuskuren kawai ba a gaya masa irin motar da ke binta ba. Ya gyara rawani ya ɗaga ƙafa zai shiga, yana tsara yadda zai ba surukai labari. Ashafa ya tare shi da sanda. Ya ce jirgi ya cika, abu ɗaya ne zai ƙara ɗauka, ko mutumin ko babbar tukunyar miyar da ta rage a gaɓa. Kowa ya dubi Awadiyya. Wannan karon ba ta yi shiru ko kaɗan ba, ta ce a miƙo tukunya.

"Hajja, ni ne fa uban amarya."

"Ka biyo mu a mota, Abu Tasnim. Ai titi ne."

Injin ya tashi, Kande ta kama ganga, guɗa ta bi ruwa ta yi nisa. Mainasara ya tsaya yana kallo har jirgin ya zama ɗigo. Can sai ya ji wata guɗar ta amsa daga tsallake, ta matan gidan ango da suka biyo Salahuddin don su ga karin kumallon da ya zo ta kogi. An ce da aka buɗe faifai a Alsahafa asida na tururi, Hajiya Sittana ta ɗanɗana miya ta ƙara, ba ta kuma ambaci kambo ba.

Shi kuwa uban amarya, Ilyasu ya miƙa masa shebur, ya yini yana haƙa a ƙarƙashin mota da farar jallabiyarsa. Duk kwalekwalen da ya zo wucewa sai mai shi ya rage tafiya, ya ɗaga masa hannu, ya yi masa hon da baki.